YADDA TSIRO YA ZAMA MAI BA DA SHAIDA: Tarihin Gwajin Illar Hayaƙi da Sinadarai ga Shuke-shuke

Gabatarwa



Hausawa na cewa gani ya kori ji. Amma akwai wurin da gani shi kaɗai ba ya wadatarwa, watau gaban alƙali. A ce manomi yana da gona kusa da wata masana'anta, ya wayi gari ya tarar ganyen shukarsa ya ƙone, ya tashi ya kai ƙara. Mai masana'anta zai ce ai fari ne, ko ƙwari, ko cutar ganye, ko kuwa ƙasar ce ta gaji. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya ƙona ganye, saboda haka maganarsa ba abin yarwa ba ce. Manomi ya tabbata a ransa hayaƙi ne, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma tabbacin zuci ba hujja ba ne a kotu. Wanda abin ya faru a kansa kuwa, watau tsiron, ba shi da baki.

Abin da nake so in nuna a yau shi ne, ilmin gwada illar hayaƙi da sinadarai ga shuke-shuke asalinsa irin wannan rigima ce, kuma kowane ci gaba da ya samu ya zo ne sa'ad da wata sabuwar gardama ta buwayi tsohon ma'auni. Za mu bi tarihin daga Jamus a tsakiyar ƙarni na 19, mu ratsa ta Kanada da Ingila da Amurka, sa'an nan mu ga abin da ya bar mana.

Hayaƙin Freiberg

A ƙasar Saksoni, wadda a yanzu jiha ce a gabashin Jamus, akwai wani gari mai suna Freiberg inda aka fara haƙar azurfa tun ƙarni na 12. Dutsen da ake haƙowa yana ɗauke da azurfa da dalma, amma a cakuɗe suke da farar wuta, don haka sai an gasa shi kafin a narkar. In an gasa, farar wutar takan ƙone ta zama wata iska mai shaƙe maƙogwaro, wadda masana ke kira salfa-dayoksaid. A wannan lacca zan riƙa ce mata iskar farar wuta. Wajen tsakiyar ƙarni na 19 aikin narkar da ma'adinai ya bunƙasa ƙwarai a wannan yanki, koke-koke kuma suka yawaita: hatsi yana ƙonewa, itatuwa suna bushewa, shanu suna ramewa. Abin lura a nan shi ne, ma'aikatun mallakar gwamnatin Saksoni ne, da yawa daga cikin dazuzzukan da ke lalacewa nata ne, diyyar manoma kuma daga baitulmalinta za ta fito. Ba ta da mafita sai ta nemi sanin gaskiyar al'amari.

A shekarar 1849 aka ɗora wa Julius Adolph Stöckhardt binciken. Shi malamin kimiyyar noma ne a makarantar koyon aikin gandun daji da ke Tharandt, kusa da birnin Dresden. Hayaƙin ma'aikatun ya ƙunshi abubuwa da dama: kunkunniya, da ƙurar dalma, da gubar asenik, da iskar farar wuta. Zargin jama'a ya fi karkata ga abin da suke gani yana sauka baƙi ƙirin a kan ganye. Shi kuwa Stöckhardt, maimakon ya tsaya ga duba gonakin da suka riga suka lalace, sai ya ɗauki lafiyayyun itatuwa ƙanana, irin masu ganye kamar allura waɗanda suka cika dazuzzukan ƙasar, ya sa su a wurin da aka rufe, ya riƙa sakar musu abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da awon da ya sani. Ta haka ya nuna cewa babban mai laifi shi ne wanda ido ba ya gani, watau iskar farar wuta. A rahotonsa na 1871 ya bayyana cewa kashi ɗaya tak na wannan iska cikin kashi miliyan na iskar da muke shaƙa ya isa ya lalata itace, muddin abin ya yi ta maimaituwa.

Ina roƙon ɗalibai su lura da abin da ya auku a nan. Kafin wannan lokaci ana tashi daga ɓarna ne a yi ta laluben sanadi. Stöckhardt ya juya lamarin, ya tashi daga sanadin da ya auna, ya jira ya ga ko zai haifar da ɓarna iri ɗaya da wadda ke gona. Ya kuma shigo da tambaya ta biyu wadda ta fi ta farko nauyi ga mai tsara doka: nawa ne yake isa ya yi illa, kuma cikin tsawon wane lokaci? A kan waɗannan abubuwa biyu aka gina dukan abin da ya biyo baya.

A 1883 wasu masana biyu, Julius von Schroeder da Carl Reuss, suka fito da littafi a kan ɓarnar hayaƙi a tsaunukan Harz. Su kuma ganyen itatuwa suka tattara daga wurare dabam-dabam, suka auna yawan farar wutar da ta taru a cikinsa, suka zana taswirar da ke nuna inda ɓarna ta yi tsanani da inda ta yi sauƙi. Ganye ya zama kamar littafin ajiye lissafi. Maganin da hukuma ta fi dogara da shi kuwa shi ne ɗaga bututun hayaƙi sama. A 1889 aka gama gina wani a Halsbrücke, kusa da Freiberg, mai tsawon mita 140, wanda a lokacin babu kamarsa a duniya. Gonakin da ke gindinsa suka sami sauƙi, iska kuwa ta kwashi hayaƙin ta kai wa na nesa. An gudu ba a tsira ba.

Shari'ar Trail

Wannan dabara ta dogon bututu ita ce ta haddasa shari'ar da ta fi kowace suna a wannan fanni. A garin Trail, cikin lardin Biritish Kolambiya na ƙasar Kanada, akwai babbar ma'aikatar narkar da dalma da tutiya a bakin kogin Kolambiya, kimanin mil 11 daga iyakar Amurka in an bi kogi. A 1925 da 1927 kamfanin ya gina bututu biyu, kowanne mai tsawon ƙafa 409. Kwarin kogin ya zama tamkar mazirari, hayaƙi ya riƙa bin sa yana tsallaka iyaka, yana sauka a gonaki da dazuzzukan jihar Washinton. Manoman can ba su da kotun da za ta iya yi musu maganin kamfanin da ke wata ƙasa, sai suka kai kuka ga gwamnatinsu, rigimar ƙauye ta koma rigimar ƙasa da ƙasa.

A 1928 aka miƙa batun ga hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, wadda a 1931 ta ba da shawarar a biya diyyar dala 350,000. Ƙorafi bai ƙare ba, saboda haka a 1935 aka ƙulla yarjejeniyar kafa kotun sulhu mai alƙalai uku, ɗaya daga Amurka, ɗaya daga Kanada, shugabansu kuma ɗan ƙasar Beljiyam. Kowane ɓangare ya zo da masanansa. Na Kanada, daga Majalisar Bincike ta Ƙasa, sun kifa rumfuna a kan sha'ir da alfalfa, wata ciyawa da ake nomawa don dabbobi, suka riƙa hura musu iskar farar wuta bisa awo, dare da rana, da damshi da bushewa. A jihar Yuta ta Amurka kuma Moyer Thomas, wanda ke yi wa wani kamfanin narkar da ma'adinai aiki, ya riga ya ƙera na'urar da ke auna wannan iska tana rubutawa da kanta ba tsayawa. Daga irin waɗannan gwaje-gwaje aka fahimci cewa iskar tana shiga ne ta ƙananan kafofin da ganye ke shaƙar iska da su, don haka ɓarna ta fi yawa da rana, lokacin da kafofin ke buɗe, da kuma lokacin da ƙasa ke da laima.

Inda gardama ta yi zafi shi ne batun abin da aka kira ciwon ɓoye. Masanan ma'aikatar gona ta Amurka suka ce hayaƙi kaɗan-kaɗan yana rage amfanin gona ko da ganye bai nuna tabo ba. Ɗaya ɓangaren suka ce in babu tabo babu hasara, gwargwadon ganyen da ya ƙone gwargwadon abin da aka rasa. Kotu ta ga hujjar ciwon ɓoye ba ta yi ƙarfi ba, ta ƙi karɓarta, a 1938 ta yanke ƙarin diyyar dala 78,000 kurum. A hukuncinta na ƙarshe a 1941 ta kafa ƙa'idar da har yanzu ake karantarwa a sassan koyon shari'a: babu ƙasar da ke da ikon barin a yi amfani da yankinta ta hanyar da hayaƙi zai cuci wata ƙasa, matuƙar ɓarnar mai girma ce kuma an tabbatar da ita da hujja bayyananna. Ta kuma tsara wa ma'aikatar yadda za ta riƙa rage hayaƙi gwargwadon yanayin iska. Kamfanin kuwa tun farkon shekarun 1930 ya fara tare iskar yana mai da ita ruwan asid, yana yin takin zamani da shi, har abin da yake zubarwa ya zama hajar sayarwa.

Ciwon da ido ba ya gani

Hukuncin kotu ya rufe shari'a, amma bai rufe tambayar ba. A 1952 wani matashin mai bincike a Manchesta ta Ingila, J. K. A. Bleasdale, ya zo da wata dabara. Maimakon ya ƙara guba cikin iska mai tsabta, sai ya cire guba daga iska mai dauɗa. Ya shuka ciyawar kiwo iri ɗaya a ɗakunan gilashi, wani yana samun iskar gari yadda take, wani kuwa sai an wanke iskar kafin ta shiga. Ciyawar da ta sha iskar gari ba ta nuna ƙuna ba, amma da aka yanke aka auna sai aka tarar ba ta kai 'yar'uwarta nauyi ba. Manyan masana na lokacin ba su ba wannan sakamako muhimmanci ba, domin ya saɓa wa abin da aka riga aka yi ittifaƙi a kai. Sai a 1973 J. N. B. Bell da W. S. Clough suka sake nuna cewa iskar farar wuta 'yar kaɗan, in ta daɗe, tana rage yabanya ƙwarai ba tare da tabo ba. Ashe manoman Washinton suna da ƙamshin gaskiya, abin awon zamaninsu ne bai kai ga kama ta ba.

Darasin da ke nan babba ne. Wanda ya tashi cikin gurɓatacciyar iska, shukar da ta tsumbure ita ce daidai a idonsa, domin bai taɓa ganin wadda ba ta tsumbure ba. Shi ya sa kowane gwaji na ƙwarai yake buƙatar tsiron kwatance, watau ɗan'uwan wanda ake gwadawa, iri ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, haske ɗaya, abin da ya bambanta su kawai shi ne gubar.

Hazon Los Anjelis

Duk abin da na ambata zuwa yanzu yana da bututun da za a nuna da yatsa. A birnin Los Anjelis na jihar Kalifoniya aka gamu da gubar da ba ta da bututu. Daga 1943 wani hazo mai sa ido hawaye ya fara rufe birnin. Aka zargi wata masana'anta, aka rufe ta, hazo bai daina ba. Manoman kayan lambu na kewayen birnin suka lura bayan ganyen alayyafon Turawa da latas yana yin wani sheƙi kamar an shafa azurfa ko tagulla. John Middleton da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya suka bayyana wannan tabo a 1950, ga shi kuwa bai yi kama da ƙunar iskar farar wuta ba, wadda aka daɗe da sanin kamanninta. Ganye ne ya fara faɗin cewa baƙuwar guba ce.

Wanda ya warware matsalar shi ne Arie Haagen-Smit, mutumin ƙasar Holan da ke koyarwa a Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya, wanda a da aikinsa binciken ƙamshin abarba ne. Ya haɗa tururin fetur da iskar naitirojin-oksaid, irin wadda ke fita daga injin mota, ya haska musu haske, ya sakar wa lafiyayyun tsirrai abin da ya samu, sai ga tabo irin na gona. Sakamakon da ya buga a 1952 ya nuna cewa gubar a sararin sama take haɗuwa: mota da matatar mai su ba da kayan haɗi, rana ta dafa, a sami iskar ozon da dangoginta. Kamfanonin mai da na motoci suka yi musu, suka sa aka sake gwadawa, gwajin ya gaskata shi. A 1968 ya zama shugaban farko na hukumar kula da iska ta jihar.

A 1959 Howard Heggestad da Middleton suka tabbatar ozon ce ke yi wa ganyen taba ɗigo-ɗigo a gabashin Amurka. Daga nan aka ware wani irin taba mai suna Bel-W3 wanda ba ya jure ozon ko kaɗan, ana shuka shi tare da wani mai juriya, Bel-B. In na farko ya yi ɗigo na biyu bai yi ba, an san akwai ozon a wurin, ko da babu na'ura. A 1973 aka fito da rumfa mai buɗaɗɗen sama wadda ake kafawa a tsakiyar gona, fanka na hura mata iska, wata an tace ta da gawayi, wata ba a tace ba, wata an ƙara mata ozon. Da irin wannan rumfa Amurka ta gudanar da babban bincike daga 1980 zuwa 1987, aka ga auduga da gyaɗa da waken soya suna cikin masu saurin cutuwa, dawa kuwa tana da juriya.

Daga iska zuwa ƙasa da ruwa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sinadarai suka yawaita a gona da masana'antu. Maganin kashe ciyawa mai suna 2,4-D, wanda ya shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1940, in iska ta kwashe shi zuwa gonar maƙwabci yakan nannaɗe ganyen auduga da tumatir. Sai tunani ya sauya: maimakon a jira ɓarna a tafi kotu, a gwada sinadari tun bai fita kasuwa ba. A 1984 Ƙungiyar Haɗin Kan Tattalin Arziki da Ci Gaba, OECD, ta fitar da ƙa'idar gwaji mai lamba 208. Ana cakuɗa sinadarin da ƙasa a matakai, daga kaɗan zuwa mai yawa, a shuka iri, a ƙirga waɗanda suka tsiro, bayan mako biyu zuwa uku a auna tsawo da nauyi, a kwatanta da tukwanen da ba a sa wa kome ba. Daga nan a fitar da awon da ke rage girma da rabi, da kuma awon da ba a ga illarsa ba. A 2006 aka ƙara ƙa'ida mai lamba 221 domin ruwa, wadda ke amfani da wani ɗan mitsitsin tsiro mai yawo a kan ruwa, dangin kainuwa, ana ƙirga ganyensa cikin kwana 7. Amfanin ƙa'ida ɗaya shi ne, abin da aka auna a wata ƙasa ana iya maimaita shi a wata, ba a sake faɗawa cikin halin Trail inda kowane ɓangare ya zo da ma'auninsa.

Mafi arahar waɗannan gwaje-gwaje shi ne na albasa. Albert Levan na ƙasar Suwidin ne ya fara shi a 1938, Geirid Fiskesjö kuma ta daidaita shi domin gwajin gurɓataccen ruwa a 1985. Ana ɗora kan albasa a bakin kwalba, gindinta na taɓa ruwan da ake zargi, wasu kuma a kan ruwa mai tsabta. Bayan kwana uku ko huɗu a auna tsawon saiwa. Sa'an nan a yanki bakin saiwar a duba ta a madubin ƙara girma, domin albasa tana da zaren gado, watau kuromosom, guda 16 manya-manya, in guba ta kakkarya su ana gani sarai.

Sai dai akwai haɗarin da duk waɗannan ba sa kamawa. A kwarin kogin Jinzu na ƙasar Japan, ruwan da ya biyo ta wurin haƙar ma'adinai ya kai ƙarfen kadmiyam cikin fadamun shinkafa. Shinkafar ta shanye shi, mutane suka ci shekara da shekaru, ya lalata musu ƙoda da ƙashi, har aka sa wa cutar suna itai-itai saboda kukan zafin da masu ita ke yi. Sai a 1968 gwamnatin Japan ta amince da sanadin. Tun daga irin wannan masifa aka san auna girman tsiro bai isa ba, sai an auna abin da ya tara a cikinsa.

Kammalawa

Shugaban taro, wannan tarihi na ƙasashen nesa ne, amma tambayoyinsa sun iso ƙofar gidanmu. A Kano, majemun zamani da ke Challawa da Sharaɗa suna aiki da gishirin kuromiyam, ruwan masana'antun Bompai kuma yana gangarawa zuwa kogin Jakara, inda masu noman rani ke ban ruwan latas da kabeji da alayyafo. Muna da hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, NESREA, tun 2007, masu bincike a jami'o'in Nijeriya kuma sun sha yin gwajin albasa a kan ruwan masana'antu.

Ga ma'aikacin gwamnati, abin da tarihin nan ke koyarwa shi ne kada ya raina kukan manomi don bai zo da takarda ba, domin a Freiberg da Trail da Los Anjelis manomi ne ya riga masani gani. Kada kuma ya yanke hukunci da kukan kaɗai. In an kawo masa rahoton gwaji, ya tambaya ina tsiron kwatance, nawa aka sa, kwana nawa aka yi, an auna amfanin ko ganye kawai aka duba, an kuma bincika abin da ke cikin abin da za a ci. Ya kuma tambayi wanda ya biya kuɗin aikin, ya ga ko wani dabam ya maimaita shi. Ga ɗalibi kuwa, ya tuna cewa Stöckhardt ba shi da ko ɗaya daga cikin na'urorin da muke kukan rashinsu a yau. Kwandon albasa, da kwalabe, da abin awo, da littafin da ake rubuta gaskiya a ciki kowace safiya, sun isa a fara. Hayaƙin Saksoni ya ɗauki fiye da shekara ashirin kafin a tabbatar da awon da ke kashe itace, ciwon ɓoye ya ɗauki fiye da talatin bayan kotu ta kore shi. Mu da muka tarar an riga an share hanya, ba mu da dalilin daɗewa haka.